Akwatin da Baba Ya Jefa a Ruwa

Ranar da aka kai Baba makwancinsa, jiragen da suka ɗaure a kwatar Yelwa sun fi na ranar kasuwa yawa. Masunta sun zo daga Shanga, masu jirage daga Wara, har da wasu tsofaffin mutanen gungu da na ɗauka tuni ƙasa ta rufe musu ido, sai ga su suna jan ƙafa zuwa zaurenmu. Kowa da abin da ya riƙe na Baba. Wani ya ce shekara da shekaru yana shiga jirginsa, bai taɓa jin ya rasa ran mutum a ruwa ba. Wani ya ce Allah ya jiƙansa, amma fa akwai zafin rai, don ya taɓa sauke shi a kan yashi saboda ya yi fito da baki a cikin jirgi. Yaran unguwa kuwa, da ba su san shi da jirgi ba, cewa suke, "Ashe kurman nan mai ɗinkin taru ya rasu."

Gwaggo, ƙanwar Baba da ke aure a Shanga, ba ta iso ba sai da aka dawo daga maƙabarta. Ko ƙunshinta ba ta ajiye ba ta tsaya a kaina, gaban matan da suka cika tsakar gida.

"Ke, wai gaskiya ne abin da nike ji tun daga kwata? Wai mijinki ya shiga har ɗakin tsoho, shina kan gargara, ya kwatsa mai tsawa kamar shina faretin bariki?"

Na ce, "Gwaggo, zauna ki sha ruwa, in gaya miki abin da ya ce."

"Ban tambayi abin da ya ce ba! Suruki, a kunnen suruki? Mu dai ba mu gada ba."

Mata suka sunkuyar da kai, wasu na gyaɗawa. Na haɗiye maganata, wanda duk wanda ya san bakina ya san ba ƙaramin aiki na yi ba. Mijina yana zaure, kuma na tabbata ya ji. Tun ranar abin ke cin raina. Shi ya sa na ce bari in faɗi wane ne Baba, da yadda aka yi ya kurmance, don kada a bar shi a bakin yara da sunan kurma, a bar mijina a bakin mata da sunan marar kunya.

Baba ɗan gungu ne, a wani tsibiri a tsakiyar kogin Kwara aka haife shi. Da aka yi dam ɗin Kainji ruwa ya haɗiye gungunsu, aka kwashe mutane zuwa gidajen da gwamnati ta gina a gaɓa. Shi bai iya zama a can ba, ya dawo Yelwa ya sayi babban jirgi mai inji yana ɗaukar ƴan kasuwa. Abin da ya rage na garinsu sai kawunan giginyoyi busassu, da ke leƙowa in ruwa ya ja baya. Kabarin mahaifiyarsa na ƙarƙashinsu. Baba ba ya bi ta wurin. Yakan yi dogon zagaye ya ƙona mai, fasinjoji su yi ta gunaguni, shi kuwa ya kafe idonsa a ɗaya gefen har a wuce.

Yana da dokoki a jirginsa, kuma ba a yi masa gardama. Ba a fito, ba a tsayuwa, ba a zagin ruwa. Babbar cikinsu ita ce wadda ya ce ya tarar wurin ubansa: in iska ta taso aka ga sai an rage kaya, kayan mai jirgi da na gidansa ake fara jefawa, kafin a taɓa buhun baƙo. Yakan ce, "In ban jehwa nawa ba, da wane ido zan ɗauki na ɗiyar wani?"

Ni ce ɗiyarsa ta fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba. "Wagga" yake ce mini, wato "wannan", har na tara ƴaƴa. Amma kunyar da ke tsakaninsa da mijina, wannan kam ta wuce misali. Mijina ɗan sanda ne, kofur, mutum mai muryar da in ya tsawata a bariki sai awaki su watse a kasuwa. Amma in ya zo gaida Baba, tun daga bakin hanya yake cire takalmi, ya tsuguna can nesa da zaure, ya yi ƙasa da murya har sai ka kasa kunne. Baba ya kalli gabas, shi ya kalli ƙasa. Ba su taɓa cin abinci wuri ɗaya ba, ba su taɓa haɗa ido ba. In akwai magana, ni ce gada. Suna zaune taku kaɗan tsakani, Baba zai ce, "Wagga, tambayi mutumin naki ko ruwa ya sauka wajensu." In juya in tambaya, Kofur ya ce, "Ki ce ma Baba an samu, alhamdu lillahi." In sake juyawa in faɗa. Wata rana na gaji na ce, "Wai ku duka kurame ne?" Allah ya yafe mini bakin nan nawa.

A shekarar da soja suka karɓe mulki, aka yi wa Kofur canjin wurin aiki zuwa wani ƙaramin caji ofis a ƙasar Ngaski, gaba da Wara kaɗan. Lokaci ne na tsoro. Ana ɗaure ƴan fashi a jikin ganguna a harbe su a bainar jama'a, kuma kowa a bariki ya san duk ɗan sandan da harsashi ya ɓace a hannunsa, cewa za a yi ya sayar wa ƴan fashi. Damina ce, ruwa ya cinye wata gada a hanyar mota, don haka dole mu bi ta tafkin dam ɗin. Jirgin wa za mu shiga in ba na Baba ba? Muka loda gadona, da turmi, da kwallayena, da wani ɗan buhu ɗaure tamau wanda Kofur ya ɗauko da kansa ya sa a ƙarƙashin ƙafarsa. Na ɗauka dutsen guga ne da takalmansa. Kawu, ƙanen mahaifiyata, shi ke kan inji. Sauran fasinjoji matan kasuwa ne da buhunan albasa da gero.

Bayan azahar, mun yi nisa inda tafki ya buɗe ba ka ganin ɗaya gaɓar, sai gabas ta haɗe. Baba ya ɗaga kai sau ɗaya ya ce wa Kawu, "Ƙara wuta." Ba mu kai ko'ina ba iska ta riske mu. Ruwa ya fara dukan jirgi ta gefe yana zubowa ciki. Mata suka ɗauki salati, ni da goyo a baya ina kwarfar ruwa da ƙwarya, ina kwarfa yana ƙaruwa. Sai na ga Baba ya nuna wa Kawu wani wuri da hannu. Kawu ya dube shi, ya sake dubansa, sannan ya juya kan jirgi. Giginyoyin tsohon gungu Baba ya nuna, don ba wani abin da za a ɗaure jirgi a jikinsa kusa da su.

Mun kusa isa, jirgi ya nutsa har ruwa na shafar bakinsa. Baba ya miƙe yana taka buhuna ya fara jifa. Tabarmarsa da tukunyar jirgi suka fara tafiya. Sai gadona. Sai turmi. Sai kwallayen aurena, ina ji ina gani, ban hana shi ba don na san doka. Ya iso gaban Kofur ya kama buhun nan, ya ji nauyi, ya ga ƙafa a kansa. Bai ɗaga ido ba. Ya juya fuska gefe ya yi magana cikin iska.

"Wagga, ce ma mutumin naki shi ɗaga ƙahwa."

Na ce, "Ɗaga ƙafa mana! Mutuwa za mu yi!"

Na ga bakin Kofur ya buɗe. Ya dubi hannun tsoho a kan buhu, ya dubi matan kasuwa da suka zuba musu ido, don daga kayanmu sai nasu. Bakinsa ya rufe. Ya ɗaga ƙafa. Baba ya cicciɓi buhun ya tura shi ruwa, ya tafi ƙasa nan take ko kumfa bai yi ba.

Jirgi ya ɗan ɗago, muka kai ga giginya, Baba ya zarga igiya ya ɗaure. Muka maƙale a nan har iska ta faɗi. Ko albasa ɗaya ta baƙo ba a jefa ba. Mata suka yi ta sa wa Baba albarka har muka isa gaɓa, wata ma ta kwance zanenta na sama ta ba ni. Mijina kuwa sai waiwayen inda buhun ya nutse yake yi.

Muna sauka ya ja ni bayan wata rumfar kifi. Ya yi ƙasa da murya.

"Kin san mi ke cikin buhun can? Akwatin gwamnati ne. Gidajen harsashi ne a ciki, cike. An ba ni in kawo ma Sufeto, an ce kada kowa shi sani."

Na san irin akwatin, na sha ganinsu a bariki. Na ƙarfe ne kore, bai kai akwatin tufafi girma ba amma da nauyin tsiya, yana da roba zagaye da bakin marfi da wani maƙalli da ake dannewa. A ciki ake jera abin nan da ake cusa wa bindiga ta ƙasa, wanda su ke kira magazin. Na juyo kansa.

"To don mi ba ka yi magana ba? Bakinka ciwo yake?"

"In ce mi? In riƙe kaya, shi shina ja ina ja, gaban matan kasuwa? Surukina ne hwa."

"Surukin naka zai tsaya a jikin ganga a madadinka?"

Na bar shi nan na nufi Baba, yana kwance igiyar jirgi. Wallahi ranar na manta ni ɗiyar fari ce. Na gaya masa abin da ya jefa, na ce ku biyu kun kashe ni da kunyarku, ɗaya ya kasa tambaya, ɗaya ya kasa faɗa, yanzu ga marayu kun shirya mini. Baba ya tsaya da igiya a hannu. Na jira ya tsawata mini kamar yadda ya saba, bai yi ba.

"Don mi bai hwaɗi ba?" ya ce a hankali.

"Kunyarka ya ji!"

Ya dubi ruwa. Sannan ya ce, "Ɗan mutane." Ya koma ga igiyarsa.

Sufeton caji ofis ɗin ba mugu ba ne, amma shi ma yana da wuya ɗaya. Ya karɓi bindigar Kofur da ɗamararsa da hularsa, ya sa aka rufe shi. Ina tsaye bakin taga na ji yana cewa, "Ni ban ce ka sayar ba. Amma manyanmu a Sakkwato ba za su tambaye ni ra'ayina ba, akwati za su tambaya. Da an gyara gadar nan mota za ta iso. In akwati na nan, to. In babu, kai za ta ɗauka." Ga shi kuma sabon ruwa ya fara sauko wa tafki daga arewa, ja wur da laka. Kowa ya san nan da ɗan lokaci kawunan giginyoyin za su ɓace, in sun ɓace kuwa ba mai sake gane wurin sai wata shekara.

Washegari Baba da Kawu suka koma da ƙugiyoyi suna ja a ƙasa. Suka ciro ƙafar gadona, da kwalla ɗaya da ta lotse, da ruɓaɓɓen taru. Akwati babu. Kawu ya nemi samarin masunta masu dogon numfashi. Da suka ji kayan bindigar gwamnati ne, kowa ya tuna yana da aiki. Ban ga laifinsu ba. Wurin cike yake da tsofaffin taruna da suka sarƙe a itatuwa, kuma wanda ya taɓa akwatin nan bai san tambayar da za ta biyo shi ba.

Kawu ya ce, "Yaya, ka ba sittin baya. Yaushe rabonka da nutso?"

Baba ya ce, "Hannuna ya jehwa, hannuna za shi ɗauko."

Ya je wurin Sufeto da kansa, ya roƙe shi ya zo ya gani da idonsa, don kada gobe a ce an buɗe an rage. Sufeto ya yarda, amma ya ce ba zai bar fursuna a baya ba. Aka fito da mijina da ankwa a hannu, ba hula, ba takalmi, a gaban mutanen kwata. Ni kuwa na bar goyo wurin matar da ta ba ni zane, na shige jirgi. Kawu ya buɗe baki zai hana ni, na yi masa kallo ɗaya ya koma ga injinsa.

Abin da ba zan manta ba shi ne wannan. Kofur ya zauna a tsakiyar jirgi, ya rasa inda zai sa hannuwansa, ga surukinsa na tahowa zai wuce ta gabansa. Baba ya zo wucewa, fuskarsa can gefe kamar kullum, sai ya zame mayafin da ke kafaɗarsa ya sake shi kamar faɗuwa ya yi. Mayafin ya sauka daidai kan ankwar ya rufe ta. Ya wuce abinsa zuwa gaban jirgi.

Muka isa da hantsi. Kawunan giginyoyin sun rage saura kaɗan. Baba ya tuɓe ya bar wando, ya ɗaura igiya a ƙugu ya miƙa wa Kawu ɗaya bakin, ya rungumi wani dutse da ya zo da shi ɗaure da wata igiya daban, don ya ja shi ƙasa. Na ga haƙarƙarinsa duk a waje, na ga furfura a ƙirjinsa. Ya dubi ruwan da ya yi shekaru yana kauce wa kallo, ya yi bisimilla ya tafi.

Ruwan ba a ganin komai a cikinsa, da hannu yake lalube. Ya fito ba komai, ya huta a jikin jirgi, aka jawo masa dutsen, ya koma. Ya fito ba komai, ya koma. Rana ta take tsaka yana abu ɗaya. Wata fitowar na ga jini na bin hancinsa, wata fitowar na ga yana matse kunne yana girgiza kai. Sufeto ya fara duban agogo. Kofur ya kira ni da ƙaramar murya.

"Ki ce ma Baba shi bari. Ki ce na yahe. Gara su tahi da ni."

Na faɗa wa Baba. Yana riƙe da bakin jirgi yana haki, ya ce, "Ce ma mutumin naki ba shi ne mai jirgi ba." Ya karɓi dutse ya koma.

Wannan karon ya daɗe. Igiya na ta zarewa a hannun Kawu, sannan ta tsaya. Shiru. Na fara karanta duk abin da ya zo bakina. Kawu ya ce zai ja, Sufeto ya ce dakata, ni na ce ja! Sai igiyar ta girgiza da ƙarfi, alamar a ja. Kawu ya ja, Sufeto ya jefar da hularsa ya kama masa, suka ja da nauyi har abin ya fasa ruwa.

Buhun ne, ɗaure a bakin igiyar. Baba ba ya jiki.

Ashe ya kwance igiyar daga ƙugunsa ya ɗaure akwatin da ita. Na ƙwala ihu. Kofur ya miƙe da ankwa a hannu zai faɗa ruwa, Sufeto ya rungume shi ta baya suka zube kan katako. Kawu na kiran "Yaya! Yaya!" yana dukan ruwa da filafilin tuƙi. Ban san tsawon lokacin ba, ni dai na ga duhu da rana tsaka. Sai can jikin wata giginya na ga hannu ya fito ya kama kututture, sannan farin kai ya biyo.

Muka jawo shi ciki. Ya amayar da ruwa, jini na fita ta kunnuwansa biyu. Ya jingina da gefen jirgi ido a rufe, ya yi magana ba da kowa ba.

"Dutsen niƙan Innata shina nan inda ta bar shi. Gehenshi na iske abin."

Sufeto ya yanke buhu, ya goge laka, ya ɓalle maƙallin. Dukanmu muka leƙa. Robar nan ta riƙe, ko ɗigon ruwa bai shiga ba. Ga su nan a jere tsaye, baƙaƙe, suna warin mai. Ya ciro su ɗaya bayan ɗaya ya duba, ba wanda ya ɓace. Ya mayar ya danne marfi, ya laluba aljihu ya ciro makulli ya buɗe ankwar.

Kofur ya ninke mayafin Baba, ya matsa kusa fiye da yadda ya taɓa matsawa, ya tsuguna ya sunkuyar da kai. Karo na farko ya yi magana ba ta bakina ba.

"Baba, na gode. Allah shi saka."

Baba bai juyo ba. Muka ce kunya ce. Kawu ya ja inji ya tashi, ƙara ta cika tafki, jirgi ya fara tafiya. Can sai Baba ya buɗe ido ya dubi Kawu da faɗa.

"Kai, mi kake jira ba ka tada inji ba?"

Daga ranar Baba bai ƙara jin magana ba, sai in an kafa baki a kunnensa na hagu an yi ihu iya ƙarfi. Ya ce mai jirgin da ba ya jin iska ba ya jin inji bai kamata ya ɗauki ran mutane ba, ya bar wa Kawu jirgi ya koma zaure yana ɗinkin taru. Bai taɓa yin ƙorafi ba, sai dai in an yi hadari yakan fito ya tsaya yana kallon leɓunan mutane, ko za su ce an yi tsawa. Kofur kuma an rage masa girma saboda ya bari kayan gwamnati sun bar hannunsa, amma yana nan da ransa, ni kuma har yau Kofur nake ce masa.

Duk zuwan da za mu yi Yelwa, sai ya cire takalmi a bakin hanya ya tsuguna inda ya saba, ya yi gaisuwa da ƙaramar muryar nan. Baba ya san jerin gaisuwar, sai ya yi ta amsawa bi da bi yana kallon tarunsa, ko ta zo daidai ko ba ta zo ba. A ƙarshe Kofur ya ƙara da "Na gode, Baba," Baba ya ce, "Lahiya lau." Shekara da shekaru haka. Abin na damun mijina ƙwarai. Yakan ce mini, "Mutumin ga ya ba da kunnuwanshi saboda ni, kuma bai taɓa jin na gode ba." Na ce to je ka faɗa masa a kunne mana, Allah ya ba ka murya. Ya ce, "In yi ma Baba ihu? Ke dai ba ki da hankali." Na gwada kai saƙon da kaina, na kafa baki na fara, Baba ya ture ni ya ce, "Wagga, ba ki da aiki? Ni na kusa kashe ɗan mutane." Ka ji su. Kowa na ɗauke da nauyin ɗan'uwansa, ni ina tsakiya ina ƙuna.

Ciwon ajalinsa bai daɗe ba, ƙirji ne. Ranar ƙarshe, bayan la'asar, muka ga alamu sun canza. Liman ya zo, tsoho ne shi ma mai tari, ya zauna a gefensa yana maimaita kalmar shahada a hankali yadda ake yi, don mai tafiya ya ji ya bi. Baba bai ji ba. Idanunsa na yawo a rufin ɗaki, hannuwansa na lalube a kan tabarma, bakinsa na motsi. Na kai kunne na ji abin da yake faɗa.

"Na ɗaure. Ku ja. Ku ja igiya."

Yana can ƙarƙashin ruwa. Tsoro ya kama ni, kada ubana ya cika da maganar igiya a bakinsa. Kawu ya gwada a kunnensa, kuka ya shaƙe shi. Na gwada, muryata ta fashe ta ƙi fita. Numfashinsa na ta yin nisa.

Kofur na tsugune a ƙofar ɗaki daga waje, ɗakin da bai taɓa sa ƙafa a ciki ba tun da ya aure ni. Na fito na tsaya a kansa. Ban roƙe shi ba, na ce kawai, "Ba ya ji."

Ya ɗago ya dube ni. Ya dubi ƙofar. Na ga bakinsa ya buɗe kamar ranar nan a jirgi, na ce a raina, in ka sake rufe shi ba ni ba kai. Sai ya miƙe ya shiga. Ya durƙusa, ya tallafi kan Baba da hannu biyu, ya kafa baki a kunnen hagu, ya ja numfashi, ya saki muryar nan tasa ta fareti gaba ɗayanta.

"LA ILAHA ILLALLAH!"

Kwanuka suka amsa a tsakar gida. Hannuwan Baba suka daina lalube. Idanunsa suka sauko daga rufin ɗaki, suka juyo a hankali suka tsaya a fuskar surukinsa. Suka kalli juna ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba. Kofur ya sake faɗa, hawaye na zuba a kan tabarma. Leɓunan Baba suka bi shi, kalma bayan kalma, muna ji, har ƙarshe. Bai ƙara cewa komai ba.

Allah ka jiƙan Baba, ka yalwata masa makwanci, ka haɗa shi da mahaifiyarsa a inda ruwa ba ya cin gari. Ka yafe masa zafin ransa, ka sa nutson nan a mizaninsa.

Gwaggo har yau ba ta huce ba. Ta ce abin kunya ne, wai har a kwata an ji muryar. To, a ji mana. Ni ban damu da wanda ya ji a kwata ba, Gwaggo. Baba ya ji.